Uwar Kaset Ɗin Arzika Mai Molo

Jiya wani daga cikinku ya tura wa direban Kamba waƙoƙi cike da memori kafin shayinsa ya huce, ya juyo yana ce mini, "Baba Bawa, ashe abin da kuka shekara arba'in kuna yi ke nan?" Ban tanka ba, don bakina cike yake da goro. Yau kasuwa ba ta ci, ku jawo benci ku zauna. Zan gaya muku yadda sana'ar kaset take, da yadda ta kunyata ni a gaban mutanen Bagudo bayan na yi furfura a cikinta.

Aikin farko da maigidana Alhaji Noma ya ba ni a shagonsa na Kamba shi ne naɗe zare. Wani mai lodin shanu ya kawo kaset da rikodar motarsa ta tauna, zaren ya fito ya cukurkuɗe kamar taliya. Alhaji ya miƙo mini da biro ya ce in mayar da shi ciki, kada ya murɗe ko sau ɗaya. Tun hantsi nake juya biro har azahar. Da na gama ya saka a rikoda, ya ji wuri guda muryar mawaƙin ta shaƙe, ya zare zaren gaba ɗaya ya zube mini a cinya ya ce in sake. Wata shida ban taɓa jan maɓallin ɗauka ba. Aikina goge bakin rikoda da auduga da sifirit, da ɗauko batirin mota daga wurin caji a ka, da koyon haɗa zaren da ya tsinke: a yanka shi a karkace da reza, a haɗa ta baya da ɗan salatif da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba.

Dokokin Alhaji uku ne, kuma duka ukun na ɗauke su kamar karatun allo. Kaset ɗin da aka fara ɗaukar mawaƙi a kansa muna ce masa uwa, waɗanda ake kwafa daga gare shi kuma 'ya'ya. Doka ta farko, ba a kunna uwa don jin daɗi, domin duk wucewar zare a bakin rikoda yana cin wani abu daga muryar. Sau ɗaya za ka fitar da 'ya mai kyau daga gare ta, ka riƙa kwafa daga 'yar, uwa kuwa a ɓalle mata 'yan kunnuwan nan biyu na baya don kada a yi ɗauka a kanta, a rufe a akwati. Ta biyu, ba a rubutu a jikin uwa, sai a kwalinta, don in abokin sana'a ya yi maka dogon hannu kada ya san abin da ya ɗauka. Ta uku, minti ɗaya ya isa mai kunne ya san waƙa. Alhaji yakan ce wanda ya wuce minti ɗaya bai yanke hukunci ba, ya koma sayar da albasa.

Da na dawo Bagudo na kafa tawa rumfar, kunnen nan shi ya zama jarina. Masunta daga bakin gulbi, Fulani ranar kasuwa, 'yan kasuwar ƙetare da ke shigowa daga Binin da gishiri da atamfa, kowa in ya ji sabuwar waƙa sai ya biyo ya ce, "Bawa, ya ka ji ta?" In na ce ta yi, a saya. In na taɓe baki, ta mutu a garin nan. Kuma mudun da nake auna kowa da shi mutum ɗaya ne, Arzika Mai Molo na Kurgu.

Ba ku san shi ba, kuma ba laifinku ba ne. Bai taɓa shiga gidan rediyo ba. Manomi ne, in an gama girbi ya ɗauko molonsa. Amma in ya fara, sai ya bar molon ya yi magana tukuna, har sai ka ƙagu, sannan ya shigo da murya can ƙasa kamar mai yi maka sirri. Kana jin inda yake jan numfashi. Kalma ɗaya ba ya jefawa don cike gurbi. Ni kaɗai na taɓa ɗaukarsa, sau ɗaya tak, wata safiya a gindin tsamiyar ƙofar gidansa. Na ɗora rikoda a kan turmi, na ce, "Bismilla, Baba," ya fara. Ana tsakiyar waƙar da ya yi wa matarsa Kulu wani jaki ya ɓarke da kuka a bayan danga, ni kuma tari ya kufce mini. Na so a sake, ya ce shi ba ya maimaita waƙa don jaki. Damina ta gaba Allah ya yi masa rasuwa.

Sai shekarar da aka rufe iyaka, wadda duk mai sana'ar nan na lokacin yake tunawa. Sababbin kaset daga ƙetare suke zuwa mana, rana ɗaya suka ɗauke ƙaf. Rumfuna uku suka rufe a kasuwar nan. Abin da ya riƙe ni masu tallar magani ne, waɗanda ke yawo kasuwa-kasuwa da lasifika a kan keke. Su kawo bayanin maganinsu, ni in karanta da murya mai kauri in ɗauka musu. Kaset kuwa sai tsofaffi. In zazzage su daga kwalaye a kan tabarma, in toshe ramin kunnuwan da salatif, in yi ɗauka a kansu. Haka na ci shekarar nan da ta bayanta. Da abubuwa suka daidaita na ci gaba da kwafar Arzika daga 'yar da na fitar tun farko, har ta gaji ta tsinke inda ba ta haɗuwa. Lokacin an daina tambayarsa, ban fitar da wata ba. Uwar dai tana akwatin ƙarfe a ƙarƙashin teburin nan, kuma babu wanda ya zauna a bencin nan bai ji na yi alfahari da ita ba.

Yanzu sai Samarin Gulbi, mutanenku. Su biyar, wasu 'yan wajenmu, wasu 'yan ƙetare, suna haɗa Hausa da Dandanci, yaren mutanen bakin iyaka. Bara da waƙarsu Jirgin Yamma ta fito, ba biki, ba shagon aski, ba ɗan acaɓa da ba ita yake ji ba. Aka kawo mini ita nan rumfa aka ce in auna. Na ba ta mintinta ɗaya, na sa aka kashe. Wallahi abin da na ji ya ba ni tsoro. Kalangu ne ake bugawa amma babu fata a cikinsa, daga fiyano yake fitowa, bugu ɗaya sak da na bayansa, ba hannun da ya gaji, ba hannun da ya yi zafi. Muryar mai waƙar an wanke ta da na'ura har ba ka jin numfashinsa. Tun daƙiƙar farko kowa ya shigo a tare, jita da ganga da 'yan amshi, ba wanda ya jira wani. Na ce a gaban jama'a wannan kuka ne a cikin bokiti, kuma in aka ɗora su duka biyar a sikeli ba za su kai nauyin tsirkiya ɗaya ta molon Arzika ba. Na hana a sa ta a lasifikar rumfata. Na san kuna tura wa mutane ita in na tafi masallaci, kada ku ɗauka ban sani ba. Wani cikinku ya ce mini, "Baba, ka dai ji ta har ƙarshe." Na ce ya fara koyon naɗe zare kafin ya koya mini sauraro.

Ana nan, wata ranar kasuwa da hantsi, sai ga Hajo, 'yar Arzika. Tana goye aka yi ɗaukar nan, yanzu ita ma ta aurar da 'ya'ya. Ta durƙusa ta gaishe ni, na ga idonta ya faɗa.

"Baba Bawa, Inna ta aiko ni," in ji ta. "Kwana ukku ke nan ba ta cin abincin kirki. Wai ta ji muryar Baba cikin wayar maƙwabta, cikin waƙar yaran ga na Gulbi. Mun ce mata ba shi na ba, ta ce mu munka kurumce. Tun rannan ba ta da magana sai tashi. Ta ce a taho wurinka, kai ka aje shi, tana son ta ji waƙar da ya yi mata kahin ta bar duniya."

Inna Kulu ta haura tamanin, idonta ya tafi shekaru da yawa. Na ce wa Hajo tsufa ne, me zai kai Arzika cikin wannan hayaniya? Amma buƙatarta mai sauƙi ce. Yau za a karya dokar Alhaji Noma, in fitar mata da 'ya daga uwa. Kafin in jawo akwatin mutane sun taru, don an daɗe ana jin labarin kaset ɗin ba a taɓa ganinsa ba. Na goge bakin rikoda sau biyu. Na buɗe kwalin da rubutuna a jiki, na saka, na ce kowa ya yi shiru, yau za a ji yadda ake waƙa.

Na danna. Sai ga wata murya mai kauri ta cika kasuwa: "Jama'a ku matso! Maganin basir, maganin tsutsar ciki, maganin kumburi bayan cin wake!"

Muryata ce. Ni ne, ina saurayi.

Wani ya fashe da dariya, aka harare shi ya haɗiye. Na tura zaren gaba, basir. Na juya ɗaya gefen, tsutsar ciki. Na ciro kaset ɗin na duba bayansa, sai ga salatif ya yi ja don tsufa, manne a ramin kunnuwan nan biyu, da irin yankan da nake yi. Na mayar na kai shi can ƙarshen zare, inda tallar ta ƙare. Molo ya yi ƙara sau biyu, tin, tin, sai rikoda ta tsaya. Shi ne abin da ya rage na Arzika a hannuna. A shekarar wahalar nan na zazzage uwar cikin tsofaffi, ba rubutu a jikinta, na ga kaset mai kyau na yi tallar basir a kanta, daga baya na gane ta da kamanninta na mayar da ita kwalinta da hannuna. Har yau ban san ranar da na yi ba. Shekaru sama da talatin ina gadin tallar magani, ina kore kaji daga kusa da akwatin.

Na kasa kallon Hajo. Ita ce ta yi magana, a hankali.

"To Baba, tunda haka ta kasance, ko ka saurari ta yaran ga har ƙarshe? Inna ba ta taɓa yi muna ƙarya ba."

Aka sa Jirgin Yamma a lasifikar da na hana ta hawa. Na daure minti ɗaya, na daure na biyu, na uku. Can kusa da ƙarshe sai duk kayan kiɗan suka ɗauke lokaci guda. Sai shuuu irin ta tsohon zare. Sai molo. Sai murya can ƙasa tana kiran Kulu. Kafin in gama tantancewa jaki ya yi kuka, wani kuma ya yi tari kusa da rikoda.

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na ce, "Tarina ne! Wallahi tarina ne!" Tsohuwa makauniya ta gane mijinta ta bayan katanga, ni mai kunnen Bagudo wata takwas waƙar na wuce ni a kan kowane babur ban ji ba, saboda minti ɗaya ya ishe ni. Abin bai fi rabin minti ba, samarin suka dawo da kiɗansu a kan karin molon, kuma a nan na lura tun farkon waƙar wannan karin suke bi.

Washegari na hau mota zuwa garin Tsamiya da ke bakin iyaka, daga nan na hau babur na ƙetara. Tambaya biyu na yi aka nuna mini gidan shugaban Samarin Gulbi, Isiyaka, mutum mai kimanin shekara talatin, mai gyaran injin ban-ruwa ne in ba waƙa yake ba. Da na faɗi sunana sai ya yi murmushi.

"Ai mun san ka, Baba. Kai ne kac ce muna kuka cikin bokiti."

Na ce ni ne, kuma ban zo janyewa ba, roƙo na zo yi. Ya shiga ɗaki ya fito da kaset a naɗe cikin ƙyalle. Rubutuna ne a jikinsa, ɗaya daga 'ya'yan da na sayar wa 'yan ƙetare. Na kakansa ne, mai fataucin gishiri, wanda ya yi ta jin sa har ya rasu. Isiyaka ya ce da wannan waƙar aka yi renonsa, ita ta sa ya fara kiɗa. Amma zaren ya taune, ya tsinke wuri biyu, ɗan abin da na ji shi kaɗai suka iya cirowa. Sun kai wa masu kwamfuta har birni, kowa ya juya shi ya ce ba a gyara irin wannan yanzu.

Na ce ya ba ni kwana biyu. Ya ce kaset ɗin ba ya kwana inda ba shi, sai dai ya biyo ni. Na so in ji haushi, sai na tuna abin da ke cikin akwatina, na ce ya kyauta.

A kan teburin nan na yi aikin, da rana tsaka don idona ba na da ba ne. Gidan kaset ɗin manne yake ba sukurori, sai da na fasa shi a hankali na kwashe zaren zuwa wani gidan. Ɗan soson da ke tallafe zare ya faɗi, na ciro na wani na dasa. Inda ya yi fumfuna na bi da auduga taƙi-taƙi. Inda ya yamutse na shimfiɗa shi a jikin kwalba ina lallashi da bayan cokali. Isiyaka na zaune inda kake zaune ɗin nan, da ya ga na ɗauki reza sai ya kama hannuna. Na ce masa kamu guda na zaren ya mutu, ba abin da zai fito daga cikinsa, in ba a yanke ba rikoda za ta sake taunewa ta ci mai rai. Ya sake ni, ya juya baya har na gama. Sau ɗaya na kunna don in fitar da 'ya, kuma ban bari kowa ya ji ba, na ce akwai mai haƙƙin fara ji.

Bayan la'asar muka isa Kurgu, ni da shi da Hajo. Tsamiyar tana nan. Aka fito da Inna Kulu aka zaunar a tabarma, ta rame ƙwarai. Na ɗora rikoda a kan turmi na danna. Muryata ta ce, "Bismilla, Baba," molo ya fara. Ba ta motsa ba. Da jakin ya yi kuka ta ce, "Jakin Manu na, ɗan banza," matan gidan suka yi dariya suna share ido. Sai aka zo wurin da na yanke, waƙar ta yi tsalle. Ta ɗaga hannu.

"Tsaya. An ci baiti."

Na tsayar. Ta gyara zama, ta ja numfashi daidai inda shi yake ja, ta rera abin da ya ɓace da 'yar muryarta: ranar da ya fara ganinta tana wanke gero a bakin gulbi, ruwa ya tafi da ƙwaryarta, ya shiga da rigarsa ya kamo. Ni da na yi shekara arba'in yatsana na kan jan maɓalli, rannan hannuwana na kan gwiwa, baki buɗe. Sai da ta gama na ga wayar Isiyaka a miƙe kusa da ita. Tun da muka zauna yake ɗauka.

Ta sa aka maimaita mata sau uku, ta sha kunu kofi guda. Sannan ta tambayi wanda ya kawo. Na gaya mata gaskiya duka, har da basir, don gara ta ji daga bakina. Isiyaka, don kara, ya ce zai bar kaset ɗin a wurina tunda ni na ɗauka, ni na gyara, ni na san yadda ake ajiya.

"A'a, ɗana," in ji ta. "Bawa ya iya ajiya ƙwarai, mun gani. Tahi da abinka. Ku da ka kunna shi, ku riƙe shi."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba, kuma ba ta faɗi abin da ba haka ba.

Har gobe in kun tambaye ni wa ya fi, Arzika ne, ba na ko tunani. Kalangun fiyano bai zama kalangu ba don na sha kunya, kuma na gaya wa Isiyaka a gabansa su bar mai waƙarsu ya riƙa numfashi. Ya ce za su duba. Kwalin da kuke gani a rataye can, wanda kuke tambaya me ya sa babu komai a ciki, na uwar nan ne. Kai mai saurin hannu, an ce sun fitar da sabuwa makon jiya. Sa mana ita a lasifika, kuma ka cire yatsanka daga wurin, ka bar ta ta kai ƙarshe.